Gaiwa, Mutanen Kogo da Masu Daskarar da Gawa

Godiya ta tabbata ga Allah mai rayarwa, mai kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 'Yan uwa masu karatu, yau zan ba ku labarin wani kuskure da na yi a aji, da abin da kuskuren ya tilasta mini na koya.

Wata ranar Laraba da yamma, a makarantar Islamiyyar da nake koyarwa a Kalgo, na rufe darasi da tunatar da ɗalibai su karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a, kamar yadda na saba. Kowa ya watse sai wani yaro mai kimanin shekara goma sha shida, wanda ba shi da yawan magana. Ya matso ya durƙusa, ya miƙo mini wayar yayansa, ya ce, "Malam, ga wani abu na gani. Wai a Amurka ana sa mutum cikin ƙanƙara har zuwa lokacin da za a samo maganin ciwonsa, sannan a tashe shi. Shin ba irin na mutanen kogo ba ne?"

Ban ko kalli wayar ba. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya daina haɗa ayar Ubangiji da shirmen Turawa, ya kuma rage yawon intanet. Ya ce, "To, Malam, Allah ya ƙara sani," ya tashi ya tafi. Sai bayan kwana uku wani abokin aikina yake faɗa mini cewa ƙanwar yaron tana kwance a asibiti, ciwon sikila ya tashi mata, kuma karo na uku ke nan a shekarar da ake ƙara mata jini. A nan ne na gane cewa yaron yana neman wata ƙofa ce da zai ajiye 'yar uwarsa a ciki har duniya ta iya warkar da ita, ni kuwa na rufe shi da faɗa. Na yi kwanaki ina jin kunyar kaina. Na ƙudura cewa ba zan sake yi masa magana a kan lamarin ba sai na san abin da nake magana a kai.

Ga abin da na samu. Turawa suna kiran wannan aiki kirayoniks, wato daskarar da gawa da fatan farfaɗo da ita nan gaba. Wanda ya yayata tunanin shi ne Robert Ettinger, malamin kimiyyar fizis a jihar Mishigan, ta hanyar wani littafi da ya bazu a 1964. Mutum na farko da aka daskarar da wannan niyya shi ne James Bedford, malamin jami'a a Kalifoniya, wanda ciwon dajin ƙoda ya kashe ranar 12 ga Janairu, 1967, yana da shekara 73. Har yau gawarsa tana ajiye a hannun ƙungiyar Alcor, wadda aka kafa a 1972, take kuma da mazauni a Scottsdale ta jihar Arizona. Shi kansa Ettinger ya kafa tasa cibiyar a Mishigan a 1976, kuma da ya mutu a 2011 a can aka ajiye shi. A Rasha ma an buɗe irin wannan kamfani, KrioRus, a 2005. Duk duniya gawawwakin da ke ajiye ta wannan hanya ɗaruruwa ne kaɗan.

Yadda suke yi kuwa shi ne, doka ba ta yarda su taɓa mutum ba sai likita ya tabbatar da mutuwarsa. Daga nan sai su yi maza su nutsar da gawar cikin ruwan ƙanƙara, su sa mata maganin hana jini gudaji, su janye jinin, su maye gurbinsa da wani ruwan sinadari mai hana ƙanƙara tsirowa a cikin jiki. Dalili shi ne ruwa in ya daskare yakan yi tsinaye masu kaifi da ke yayyaga ƙwayoyin halitta, kamar yadda tumatirin da ya kwana a cikin firiza yake zama lugub idan ya narke. Su suna son jikin ya ƙame kamar gilashi. Sai a yi ta sanyaya shi sannu a hankali na tsawon kwanaki har ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, a zura shi kai ƙasa cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe mai kama da katafaren filas, cike da ruwan naitirojin, ana ƙara ruwan lokaci zuwa lokaci. A shekarun 2010 Alcor tana karɓar dala 200,000 a kan jiki sukutum, da dala 80,000 ga wanda ya yarda a yanke kansa kaɗai a ajiye. Cibiyar Mishigan kuwa a lokacin dala 28,000 take karɓa daga mambobinta.

Daga 1967 zuwa yau ba a taɓa tayar da ko mutum ɗaya ba, ba a kuma taɓa daskarar da ko da ɓera sukutum zuwa wannan sanyi aka dawo da shi da rai ba. Sinadarin da ake ɗura wa jikin yana da guba, kuma manyan gaɓɓai kan tsattsage saboda tsananin sanyi. Ga kuma matsalar amana: a 1979 an buɗe wani ɗakin ajiya a Chatsworth ta Kalifoniya, aka tarar da gawa tara sun narke sun ruɓe, domin kuɗi sun ƙare, an daina zuba musu naitirojin, alhali danginsu suna zaton ana kula da su.

To amma adalci ya wajaba, kuma shi ne abin da na gaza yi wa ɗalibina. Sanyi yana da amfani na gaske a likitanci. Tun 1984 aka haifi jaririya a Ostireliya daga ƙwan da aka haɗa da maniyyi aka daskarar. A 2023 masu bincike a Jami'ar Minnesota sun ƙamar da ƙodar ɓeraye har tsawon kwana 100, suka ɗumama ta, suka dasa wa wasu ɓerayen, ta kuma yi aiki. A watan Mayun 1999, wata likita 'yar ƙasar Sweden mai suna Anna Bågenholm ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙarar wani rafi a arewacin Norway, ta yi minti 80 a ciki, zuciyarta ta tsaya, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, amma likitoci suka ɗumama jininta da na'ura ta farfaɗo, har ta koma bakin aikinta. Da irin wannan labari masu daskarar da gawa suke kafa hujja. Sai dai ita wannan baiwar Allah sanyin ya riga ya kare ƙwaƙwalwarta kafin numfashi ya yanke, jikinta bai daskare ba, kuma sa'o'i kaɗan abin ya ɗauka. Mu a wurinmu bayaninsa mai sauƙi ne: ajalinta bai yi ba, ruhi bai bar jiki ba. Tsayawar zuciya na ɗan lokaci daban, mutuwa daban.

Ina cikin wannan karatu sai na tuna da wani abu da na gani da idona ina yaro. Ni haifaffen Gwandu ne, amma dangin mahaifiyata 'yan yankin Kalgo ne, kuma a can nake yin hutun rani wajen kakana, manomin shinkafa a fadama. Wata rana a tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ta dare, ya kai ni wani tafki da ya ƙafe. Ya yi ta duba ƙasa har ya ga wata 'yar ƙaramar kafa, ya sa fartanya ya haƙa, ya ciro wani dunƙulen laka. Da ya fasa shi sai ga kifi a naɗe, wutsiyarsa a kan fuskarsa, cikin wata busasshiyar fata kamar takarda. Na ce, "Kaka, ai mushe ne." Ya yi dariya ya ce, "Kai aboki, wagga gaiwa ce. Ba ta mace ba, kwana takai. Bari ta ji ruwa ka gani." Muka kawo ta gida aka sa a kwatanniya, kafin la'asar tana juyi.

Daga baya a jami'a na fahimci hikimar. Gaiwa tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar kafa ɗaya da iska ke shiga. Bugun zuciyarta ya ragu, buƙatar jikinta ta yi ƙasa ƙwarai, tana rayuwa da naman jikinta har damina ta sauka. A ɗakunan bincike an ga wadda ta yi shekaru a haka. Ke nan a fadamunmu na Kabi akwai halittar da ke tsallake rani tana barci, ta farka a wani zamanin. Amma sharaɗinta guda ne: da ranta ta shiga, kuma numfashinta bai taɓa yankewa ba. Gaiwar da ta mutu a cikin kwansonta, ko gulbi ya cika ya batse, ba ta tashi.

Wannan shi ne ya kamata na faɗa wa ɗalibina game da Ashabul Kahfi. Alƙur'ani ya bayyana su da cewa masu barci ne, ana jujjuya su dama da hagu, mai kallonsu zai zaci a farke suke. Sun zauna shekara 300 da ƙarin tara, kuma wasu malamai sun lura cewa shekara 300 ta rana tana daidai da kusan 309 ta wata. Ba su shiga kogon don neman tsawon rai ba. Samari ne da suka gudu da imaninsu daga sarki azzalumi, suka roƙi rahama da shiriya. Barcin kyauta ce da ba su nema ba. Wanda ya mutu aka tayar da shi kuwa, labarinsa yana cikin Suratul Baƙara: mutumin da ya wuce ta wata alƙarya rusasshiya yana mamakin yadda za a raya ta, wanda da yawa daga masu tafsiri suka ce Uzairu ne. Allah ya kashe shi shekara 100, sannan ya tayar da shi. Abincinsa da abin shansa ba su lalace ba, jakinsa kuwa ya zama ƙasusuwa, aka harhaɗa shi yana kallo. A wuri ɗaya aka nuna masa cewa wanda ke raya matattu yana iya adanawa ba tare da ƙanƙara ba, kuma ruɓewar jiki ba ta hana shi mayarwa.

Akwai wani ɓangare na ƙissar kogon da na karanta sau ba adadi, amma bai taɓa dukan zuciyata ba sai a wannan karon. Da suka farka yunwa ta kama su, suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Malaman tafsiri sun kawo cewa mai sayar da abincin ya juya kuɗin yana mamaki, domin tambarin wani sarki ne da ya mutu tun ƙarnuka. Mu da muka ga farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira har mai shayi yana ƙin karɓar tsohuwar dubu ɗaya, mun ɗanɗana kaɗan daga abin da wannan saurayi ya ji. Ka ɗauka, ya ɗan uwa, cewa wani mutumin Gwandu ne aka daskarar a ranar da aka daskarar da Bedford. A lokacin ana cikin Jihar Arewa mai hedikwata a Kaduna, Alhaji Haruna Rashid ne Sarkin Gwandu, ba a fara yaƙin basasa ba, kuɗin aljihunsa fam da sule ne, motoci kuma hannun hagu suke bi. Naira ba ta zo ba sai 1973, jihar Kebbi kuwa sai 1991. In ya farka yau, wa zai yi wa sallama? Matarsa ta rasu, abokansa sun rasu, 'ya'yansa in suna raye sun girme shi a fuska, gidansa an raba gado tun tuni. Masu tallan wannan aiki suna kiransa tafiya zuwa gaba, amma ba su cika faɗin cewa matafiyin shi kaɗai zai isa ba. Su kansu mutanen kogo, bisa abin da masu tafsiri suka ruwaito, ba su daɗe ba bayan an gane su Allah ya karɓi rayukansu. An tayar da su ne don su zama hujja ga mutanen zamanin cewa tashin ƙiyama gaskiya ne.

Ni ba mufti ba ne, kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Amma abin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani ya isa ya haska hanya. An umarce mu da gaggauta jana'iza. Wanka da likkafani da salla da binnewa haƙƙi ne na mamaci a kan rayayyu. An ruwaito cewa karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana raye, to ina ga yanke kai a jefa a tukunya? Dukiyar da ya bari kuma ta magada ce bayan bashi da wasiyya, ba ta kamfanin da zai sayar musu da fatan da bai taɓa cika ba ko sau ɗaya. Malamai sun yi rangwame a ajiye gawa a sanyi na ɗan lokaci idan lalura ta kama, kamar binciken shari'a ko neman dangin wanda ba a san shi ba. Ajiya ta har abada da niyyar guje wa kabari wani abu ne daban.

Duk da haka ba na yi wa masu wannan fata dariya, domin na san inda yake fitowa. Daren da mahaifinmu ya rasu a Gwandu, yayana yana Fatakwal. Ya kira ni yana kuka, ya ce, "Don Allah ƙanena, ku kai Baba ɗakin sanyi na asibiti zuwa jibi, in zo in ga fuskarsa." Baffanmu ya karɓi wayar ya lallashe shi, ya ce addu'arsa za ta iske Baba daga can inda yake. Da hantsi muka kai shi makwancinsa. Na goyi bayan Baffa, kuma har gobe ina ganin daidai aka yi. Amma ba zan ɓoye ba, a cikin daren nan ni ma na so a ce akwai wata hanya da za a dakatar da komai, ko da na kwana biyu ne. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 14 a Ingila, mai fama da ciwon daji, ta rubuta wa alƙali tana roƙon a bari a daskarar da ita, kotu ta ba mahaifiyarta ikon cika mata burin, aka kai gawarta Mishigan. Wanda ya karanta wannan bai ji tausayi ba, ya binciki zuciyarsa.

Bayan rasuwar mahaifinmu na kan je Gwandu ziyarar kabarinsa, wani lokacin in biya ta hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo in yi masa addu'a. Kusan shekara ɗari biyu ke nan da aka binne shi a cikin ƙasa, da likkafani, kamar kowane Musulmi. Amma a kan teburina akwai tafsirinsa Liya'ut Ta'wili, kuma a cikinsa na sake bibiyar ƙissar kogon a waɗannan kwanaki. Ya yi mini bayanin kalma, ya kawo saɓanin malamai, ya zaɓi abin da ya rinjaya a wurinsa, ni kuma na ɗauka na kai wa yara a Kalgo. Bedford ya fi shekara hamsin a cikin tukunya, bai ce wa kowa uffan ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanar da mu abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Waɗannan ne na ga suna ƙetare zamani da idona.

Ranar Asabar ta mako na biyu na kira ɗalibin nan bayan darasi. Na ce masa, "Ɗana, na yi maka ba daidai ba ranar nan, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai yana cewa ba komai. Na ba shi labarin gaiwa, ashe ya santa sarai, har ya taɓa haƙo ta. Na ce masa ba a daskarar da mai rai, sai wanda ya riga ya mutu, kuma ba wanda ya taɓa dawowa daga cikinsu. Sannan na faɗa masa abin da ya fi ba shi mamaki: zamanin da yake son a kai ƙanwarsa ya riga ya fara zuwa. Tun 1984 aka gano cewa dashen ɓargo yana iya warkar da sikila, kuma a 2011 aka yi irin wannan dashe karo na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin gadon mai ciwon. Kuɗinsa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne. Ke nan abin da ke tsakanin ƙanwarsa da waraka ya fi kama da talauci da ƙarancin likitoci da kayan aiki fiye da jiran ƙarni guda. Wannan kuwa matsala ce da rayayyu za su iya yi wa aiki: a kula da ita da magungunan da likita ya rubuta, a kare ta daga zazzabin cizon sauro da ƙishirwa, masu lafiya su ba da jini, masu shirin aure su yi gwajin jini kafin a ɗaura. An umarce mu da neman magani, an kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ban da tsufa.

Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko wanda ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye zai iya zama likitan jini. Na ce masa zai iya, in ya dage da lissafi da kimiyya kamar yadda ya dage da hadda. Ranar Litinin mu huɗu daga cikin malamai muka je asibitin muka ba da jini. An sallamo yarinyar bayan mako guda. Ciwon yana nan, zai kuma iya tashi a kowane lokaci, don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.

Nasihata ga 'yan uwana malamai ita ce, idan yaro ya zo da tambayar da ta yi kama da shirme, mu fara tambayar kanmu me ya kawo ta. Ga matasa kuma, ku ci gaba da tambaya, ku karanta kimiyya ba tare da tsoro ba, ku kuma koyi bambance abin da aka gwada ya tabbata da abin da ake sayarwa da alkawari. Dukanmu za mu yi doguwar kwanciya, za a kuma tayar da mu, mu riƙa ganin kamar yini ɗaya ko wani yanki na yini muka yi. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan tafiya, guzuri kawai ake nema.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne. Allah shi ne mafi sani.